Wa Zai Biya Wanda Babur Ya Kaɗe a Kwalkwalawa?

Mai zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo daga cikin garin Sakkwato, galibi ta Kwalkwalawa yake bi, ya hau gadar Gulbin Rima, fadama dama da hagu. Hanyar ta yi wa abin da take ɗauka kaɗan. Da safe ɗalibai da ma'aikata ke kwararowa, manoman fadama na fitowa da buhunan albasa da daman rake, masu kifi na jera kayansu a bakin titi, yara na tsallakawa, shanu ma na da nasu rabon. Mutanen Sakkwato sun san darajar wannan hanya tun watan Satumban 2010, lokacin da ambaliya ta cinye gada ta raba jami'ar da gari. Abin hawan da ya fi kowane yawa a kanta kuwa babur ne: Boxer da Jincheng na 'yan kabu-kabu, da roba-roba da Lifan na ɗalibai da ƙananan ma'aikata, da waɗanda iyaye ke saya don aiken gida.

Tambayar da ta dame ni guda ce. Idan ɗaya daga cikin baburan nan ya kaɗe wata tsohuwa mai tallan kifi, ƙafarta ta karye gida biyu, wa zai biya kuɗin asibiti, wa kuma zai ciyar da gidanta wata uku da za ta yi a kwance?

Doka tana da amsa, kuma amsar ta girmi 'yancin ƙasar kanta. Tun 1945 Turawan mulki suka kafa dokar da ta wajabta wa duk mai abin hawa mai inji ya yanki inshorar da za ta biya wanda ya yi wa ɓarna a hanya. Ba ta ware babur ba, ba ta ce ƙarami ko babba ba. Dokar inshora ta 2003 ta ƙarfafa wannan, ta tanadi tarar naira 250,000 ko ɗaurin shekara ɗaya ga wanda ya saɓa. A watan Agustan 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar da ta tattara tsofaffin dokokin inshora wuri guda, wajabcin kuma yana nan daram. Hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ita ke yanke farashi. A jadawalin da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2023, motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, Keke Napep naira 5,000, babur kuwa naira 3,000 a shekara. Da wannan dubu ukun, kamfani ya ɗauki alkawarin biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan ɗaya, ban da rauni da rasa rai, waɗanda tsarin da aka saba da shi bai sa musu iyaka ba.

Dubu uku a shekara kuɗin 'yan litocin fetur ce kawai tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Ɗan kabu-kabu yana kashe fiye da haka a tankinsa kafin la'asar. Saboda haka duk wanda ya ce talauci ne kaɗai ya hana mutanenmu yankar inshora, bai zauna da su ba. Mutumin da ke zubin adashi kullum, yake biyan tikitin ƙungiya kullum, yake kai wa mai babur balas kullum, ba dubu uku ce za ta gagare shi ba. Abin da ya hana shi shi ne bai taɓa ganin wanda aka biya ba. Kewaya tashoshin babur daga Dandima zuwa ƙofar jami'a ka tambaya ko akwai wanda ya san mutum ɗaya da kamfanin inshora ya biya masa kuɗin ɗori. Za ka sha wuya kafin ka samu. Kuɗin da aka ba da ba a ga abin da ya haifar ba, a wurin talaka haraji ne, kuma haraji gudunsa ake yi.

Ga yadda abin ke gudana a zahiri. Babur ya kaɗe dattijo a gefen titi. Kafin ƙura ta lafa jama'a sun taru, wasu sun ɗaga shi, wani ya zare makullin babur ya riƙe. Yaron da ya yi kaɗin, wanda watakila bai cika shekara ashirin ba, yana durƙushe gwiwarsa na zubar da jini, yana cewa, "Baba, don Allah ka yahe, wallahi tsautsai na." Dattijon, cikin zafin ciwo, ya ce, "Tashi ɗana, Allah ya ƙaddara." A ɗauke shi a wani babur ɗin zuwa wurin mai ɗori, don an san kuɗin hoto da na aiki a asibiti ba za su samu ba. Da dare uban yaron da mai babur su zo gaisuwa da ɗan abin da ya sawwaƙa, mai unguwa ko liman ya sa baki, a ce an yafe. Bayan mako biyu ƙafa ba ta warke ba, masu gaisuwa suka daina zuwa, gonar dattijon a fadama ta bushe don ba mai ban-ruwa.

Ina ganin girman wannan yafiya, kuma ba na fatan ranar da za mu rasa ta. Ita ke hana ƙaramin haɗari zama gaba tsakanin gidaje. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: sau da yawa an yafe ne don an duba an ga wanda ya yi ɓarnar ba shi da ko sisi. Nauyin gaba ɗaya sai ya koma kan wanda aka raunata, shi da matarsa da 'ya'yansa. Haƙƙinsa ne ya yafe idan ya ga dama, amma ya kamata ya yafe yana da zaɓi, yana sane cewa akwai inda zai je a biya shi in ya so. Wannan zaɓin shi ne amfanin inshora, kuma shi ne babu.

Wasu masu babur suna da takarda, ba shakka. Sukan ba wani ɗan kamasho kuɗi dunƙule a bakin ofishin yin lamba, ya dawo musu da tarin takardu a leda, ciki har da wata mai tambarin kamfanin inshora. Mai babur bai san sunan kamfanin ba, bai san inda ofishinsa yake ba, bai san me aka yi masa alkawari ba. An daɗe ana kuka da takardun bogi a wannan harka, shi ya sa ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya ta kafa rumbun bayanai na NIID, inda mutum zai sa lambar abin hawansa ta waya ya ga ko inshorarsa ta gaske ce. Tsari ne mai kyau. Sai dai wa ya taɓa zuwa Kwalkwalawa ko Dundaye ya bayyana wa mutane wannan da Hausa?

A nan ne maganar lasisi ke shigowa, kuma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A tsarin Najeriya lasisin babur shi ne rukunin A, kuma ba a ba wanda bai kai shekara 18 ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke buga katin, jami'an VIO na jiha ke gwajin tuƙi, hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ke karɓar kuɗi. Daga watan Yunin 2025 kuɗin lasisin babur ya koma naira 7,000 na shekara uku, 11,000 na shekara biyar. Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne, takardar inshora tana ɗauke da sharaɗin cewa mai tuƙin ya kasance yana da lasisi. Idan marar lasisi ya yi haɗari, kamfani ya sami ƙofar jayayya. Haka nan babur da aka yanka wa inshora a matsayin na hawan kai, aka koma ana kabu-kabu da shi, fasinjan da ya faɗo daga kansa zai iya samun kansa a waje. Ke nan ko da a ce gobe kowane babur a Sakkwato ya wayi gari da inshora ta gaskiya, matuƙar masu hawa ba su da lasisi, rabin aikin kawai aka yi, kuma rabin da ba ya biyan kowa.

Ina aka taɓa koya wa ɗan kabu-kabu tuƙi? Yayansa ya ba shi babur a filin ƙwallo da yamma, ya faɗi sau biyu, ya tashi, washegari ya shiga titi, bayan mako ya fara ɗaukar fasinja. Ya iya sarrafa babur ƙwarai, wani lokaci har da burgewa. Abin da bai sani ba shi ne tazarar da babur mai goyon mutum biyu da buhu ke bukata kafin ya tsaya, da inda direban tirela ba ya hango shi ta madubi, da abin da yashi a kan kwalta ke yi wa tayar gaba in aka damƙe birki. Waɗannan abubuwa ne da za a koyar a yini ɗaya ko biyu. Da yawa sai a gadon Asibitin Koyarwa na jami'ar ko asibitin ƙashi na Wamakko suke gane su.

Ƙaramin babur ya fi ba ni tsoro, don shi ne muka raina. Roba-roba ba ta da kulocin hannu, ba ta da nauyi, ba ta da ƙara, sai muka ɗauke ta tamkar keke. Uba zai miƙa wa ɗan shekara goma sha biyu makulli ya ce ya kai ƙannensa uku Islamiyya, ya biya ya sayo ƙanƙara. Babu hular kwano, babu lasisi, kuma ba zai yiwu a samu ba tunda shekarunsa ba su kai ba. Babu inshorar da za ta amsa sunansa. Amma roba-roba a guje tana karya ƙashin yaro mai tsallaka titi daidai da yadda Boxer ke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Yanzu ga baburan caji sun fara shigowa garuruwanmu, su ko ƙarar ma ba su da ita, kuma iyaye za su fi sakin jiki da su.

Wasu ƙasashe sun kalli wannan matsala ta matasa da ƙananan babura suka yi mata matakala. A Ingila, tun 1990, ɗan shekara 16 zai iya hawa babur da injinsa bai wuce cc 50 ba, amma sai ya yi horon tilas na kusan yini guda, takardar horon shekara biyu take yi, kuma ba a yarda ya yi goyo ba. A Faransa ana farawa daga shekara 14 bayan horo na musamman. Mu namu tsarin ƙofa ɗaya ce: kafin 18 haramun, bayan 18 komai ya halatta. Sakamakon shi ne dokar ta zama ba ta aiki ga kowa, domin iyaye ba za su jira 18 ba, jami'i kuma ba zai kama dukan yaran unguwa ba. Ina ganin ya dace majalisa ta duba matakin koyo ga 'yan shekara 16 da 17, a kan ƙaramin inji, bayan horo, ba goyo, da sa hannun uba wanda zai ɗauki alhaki. Ƙasa da haka kuwa, a riƙe babur, a kira uban, shi ne mai laifi ba yaron ba.

Sai batun inshora ta gajeren lokaci, wadda wasu ke ganin ita ce mafita. A Ingila mutum zai iya sayen inshora ta yini ɗaya ko mako ɗaya ta wayarsa, idan ya ari abin hawan wani ko zai kai shi wurin sayarwa. Ra'ayin yana da inda ya dace da mu. Babur a nan ba na mutum ɗaya ba ne: mai shi daban, mai aikin safe daban, mai karɓa da dare daban. Ɗan ci-rani yakan shigo gari bayan girbi ya yi kabu-kabu wata huɗu ko biyar, ruwa na sauka ya koma gona. Ɗalibi yakan yi amfani da babur zangon karatu ɗaya ya ajiye. Mutanen da ke samun kuɗi kullum-kullum sun fi jin daɗin biya kullum-kullum.

Duk da haka ban yarda a gutsuttsura inshorar dole ba. Raba dubu uku gida 365, za ka samu abin da bai kai naira goma ba a rana. Kuɗin tura shi ma ya fi shi. Kuma takardar da ke mutuwa duk mako za ta bar dubban babura a titi ba kariya a ranakun da aka manta, ta kuma ba mai tsaron shinge sabon dalilin tsayar da mutum. Indiya, wadda take cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan babura, akasin haka ta bi. Kotun ƙolin ƙasar ta ba da umarni cewa daga 1 ga Satumban 2018 duk sabon babur sai an haɗa masa inshorar shekara biyar tun a shagon sayarwa, saboda an lura mutane na yanka a shekarar farko su daina. Wannan ya fi kama hankali a wurinmu. Mai sayen sabon babur a yau yana ƙirga kuɗi masu nauyi. Dubu goma sha biyar a kai ba za ta sa ya fasa ba, kuma dilolin babur a Sakkwato sun fi masu hawa sauƙin ƙidaya.

Inda gajeren lokaci ke da amfani na gaske shi ne abin da inshorar dole ba ta taɓawa sam: jikin mai tuƙin kansa. Dubu ukun nan ta wanda ka kaɗe ce, kai ba ka da kaso a ciki. Ɗan kabu-kabun da ya karye a cinya shi da Allahnsa, ga balas na jiransa, ga iyali. Kariya ta mako ko ta wata, wadda za ta biya kuɗin jinya da ɗan abin cefane na kwanakin kwanciya, ita ce za a iya ɗorawa a kan tikitin da yake yanka kowace safiya. Wanda ya yi aiki ya biya, wanda ya koma gona ya huta. NAICOM ta riga ta fitar da ƙa'idojin ƙaramar inshora ta masu ƙaramin ƙarfi, don haka ba sai an jira sabuwar doka ba.

Akwai wani dalili da ba a cika faɗa a taron jami'ai ba, amma a Sakkwato shi ne a gaba: mutane da yawa na ganin inshora haramun ce. Ba da wasa suke ba, kuma ba su rasa madogara ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce inshorar kasuwanci tana ɗauke da garari mai ɓata ciniki. Amma a wannan zaman ne kuma ta halatta inshorar taimakekeniya, inda jama'a ke zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar agaza wa wanda musiba ta faɗa wa. Sudan ta fara irin wannan kamfani tun 1979, Malesiya ta yi masa doka a 1984, a Najeriya kuma NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suka fara aiki.

Ma'anar ma ba baƙuwa ba ce a garin Shehu. Duk almajirin da ya yi karatun fiƙihun Malikiyya a zaure ya wuce ta babin aƙila: idan mutum ya yi kisa bisa kuskure, diyya ba a kansa shi kaɗai take ba, dangin ubansa ke haɗuwa su biya, a rarraba cikin shekara uku, kuma suna ɗaukar raunin da diyyarsa ta kai sulusi ko fiye. Shari'a ba ta bar jinin wanda aka kashe bisa kuskure ya tafi a banza don mai laifin talaka ne ba. Ta nemo masa jama'ar da za su ɗauka. Yau yaron da ya baro ƙauyensa a Tangaza ko Gwadabawa ya zo birni da babur ɗin haya, danginsa na nesa kuma su ma ba su da shi. Waɗanda ke tsaye a matsayin danginsa su ne abokan sana'arsa na tasha. Ina roƙon malamanmu su ɗauki wannan mas'ala su yi mata bayani a majalisin karatu da huɗubar Juma'a. Faɗin cewa inshorar kasuwanci na da matsala rabin fatawa ne, sauran rabin shi ne a nuna wa mutane halastacciyar hanyar sauke haƙƙin wanda suka raunata.

Ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu, irin su ACOMORAN da rassanta, su ke da abin da gwamnati da kamfanoni ba su da shi: sun san kowane mai babur da sunansa da inda yake kwana, kuma suna karɓar kuɗi a hannunsa kullum. Reshe guda zai iya ƙulla yarjejeniya da kamfanin takaful a madadin mambobinsa duka, ya gayyato jami'an VIO da na FRSC su zo tasha su yi horo da gwaji da Hausa, a ɗauki hoto a ba da lasisi ba tare da mutum ya yi asarar aikin kwana uku yana zarya ofis ba. Na san abin da za a ce, kuɗin ƙungiya ma ba kullum ake sanin inda suke shiga ba. Gaskiya ne, shi ya sa kason inshora ya kamata ya tafi kai tsaye ga kamfani, mai babur ya ga saƙo a wayarsa. Hukumar jami'a ma tana da ƙarfin da ba ta bukatar izinin kowa a kai: ita ke da ƙofa, tana iya cewa babur ɗin da zai yi jigila ko ya kwana a harabarta sai mai lasisi da inshora, ta kuma kawo masu yin su cikin makaranta a farkon kowane zango.

Abin da nake tsoro shi ne a sake bin hanyar da aka saba. A ranar 1 ga Janairun 2009 aka fara tilasta hular kwano a faɗin ƙasa; aka yi kame na 'yan makonni, wasu suka kifa ƙwarya a ka don kauce wa tara, daga baya kowa ya watsar. A Kano, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero a Janairun 2013, gwamnati ta hana acaɓa baki ɗaya, don ba ta da rajistar da za ta bambance mai neman abinci da mugu. A 2021 ma jihohin Arewa maso Yamma sun taƙaita zirga-zirgar babura saboda 'yan bindiga, mai gaskiya ya sha wuya tare da mai laifi. Babur marar lamba, marar lasisi, marar suna a kowane littafi, shi ne ya fi sauƙin haramtawa, kuma ya kamata 'yan kabu-kabun Sakkwato su ga cewa rajista kariyar sana'arsu ce.

Daga 1 ga Fabrairun 2025 rundunar 'yan sanda, bisa umarnin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ta fara tilasta inshorar dole a kan tituna. Ba na adawa da hakan, doka ce. Amma tilastawa ta fuska ɗaya zalunci ce. Idan za a tsare mai babur a gadar Kwalkwalawa a nemi takarda, to a tsare kamfanin da ya sayar da ita a nemi lissafi: babura nawa ya yanka wa inshora a Jihar Sakkwato bara, mutum nawa suka kawo kuka, nawa aka biya, cikin kwana nawa. NAICOM na da ikon neman waɗannan alƙaluma, ta buga su jiha-jiha, a karanta a Rima Radiyo. Ta kuma wajabta wa duk kamfanin da ke karɓar kuɗin mutanen Sakkwato ya ajiye wakili mai jin Hausa a cikin garin, wanda ɗan dattijon nan mai karyayyar ƙafa zai iya samu da rahoton 'yan sanda da rasit ɗin asibiti, ya fito da kuɗi kafin a cire karan ɗori.